Maroƙi a Rigar Magatakarda: Sharhi a Kan Taƙaitaccen Tarihin Mutane a Kundayen Amurka

A shekarar 1919 wani masanin tsirrai a birnin New York, John Hendley Barnhart, ya wallafa 'yar gajeriyar maƙala wadda ta zubar da girman ɗaya daga cikin littattafan da Amurka ke tinƙaho da su. Littafin kuwa shi ne kundin tarihin mashahuran mutane na kamfanin Appleton, mujalladi shida, wanda ya fito tsakanin 1887 da 1889 a ƙarƙashin kulawar James Grant Wilson da John Fiske. Barnhart ya nuna cewa mutum goma sha huɗu daga cikin masanan tsirran da kundin ya kawo tarihinsu ba a taɓa haihuwarsu ba. Kowannensu yana da suna, da garin haihuwa a Turai, da labarin yadda ya ƙetare teku don binciken itatuwa, da jerin littattafan da ya rubuta, da shekarar rasuwa. Abin da ya rasa kawai shi ne uwar da ta ɗauki cikinsa. A 1937 Margaret Castle Schindler ta sake bin kundin, adadin mutanen bogi ya kai arba'in da bakwai. Bayanin da aka fi yarda da shi ba shi da wuya: ana biyan marubutan kundin gwargwadon yawan abin da suka kawo, sai wani daga cikinsu ya ga ƙera mutum ya fi neman labarinsa sauƙi.

Wayon wannan marubuci bai dame ni ba kamar yadda shekaru talatin ɗin nan suka dame ni. Shekara talatin malamai da ɗalibai suna buɗe kundin, suna kwafa, babu wanda ya ji warin ƙarya. Dalili shi ne maƙaryacin ya gane wani abu game da wannan nau'in rubutu da masu karanta shi ba su gane ba. Taƙaitaccen tarihi ba ya samun amincewar mai karatu ta hanyar hujja. Yana samunta ne ta hanyar zubinsa. Da zarar an ga suna, shekara, gari, muƙami, sannan shekarar mutuwa, an jera su cikin murya marar zafi, sai zuciya ta ce ai wannan rijista ce, rijista kuwa ba ta da son rai. Abin da nake son tabbatarwa a wannan sharhi shi ne cewa galibin gajerun tarihan da Amurkawa suka tara game da 'yan siyasarsu da masu ƙirƙirarsu da iyalan da suka kama wuri suka zauna a ƙasar, yabo ne da ya ari rigar lissafi, kuma wannan aron rigar ya fi kowace ƙarya da ke cikinsu nauyi.

Bahaushe bai jahilci yabo ba. Idan maroƙi ya buɗe baki a gidan biki, ko makaɗin fada irin su Ibrahim Narambaɗa ya tsaya gaban ubangidansa, kowa a wurin ya san sharuɗɗan cinikin. An san wanda ake wasawa, an san wanda zai ba da riga ko doki, an kuma san cewa abokin hamayya zai sha zambo. Mai sauraro yana da ma'auni a kunnensa, yana rage abin da ya kamata ya rage. Amma muna da wani abu kuma da ya shigo mana tare da takardar shirin taro, wato taƙaitaccen tarihin babban baƙo da ake karantawa a wurin walima ko naɗin sarauta ko ƙaddamar da littafi. Ni kaina, ina aji uku a jami'a, an taɓa damƙa mini takardun wani bawan Allah aka ce in fitar da tarihinsa a shafi guda don taron ƙungiyarmu ta ɗalibai. Na jera makarantunsa da muƙamansa daidai, ban ƙara ko wasali ba. Amma akwai wasu shekaru biyu da kowa a zauren ya san labarinsu, na tsallake su da waƙafi guda, na wuce. Babu wanda ya ce na yi ƙarya, domin ban yi ba. Sai daga baya na gane cewa aikin maroƙi na yi ranar, illa dai ban yi masa adalcin ɗaukar kalangu ba.

Wurin da wannan sana'a ta fi fitowa fili shi ne littattafan tarihin gundumomi na tsakiyar Amurka. A 1876, da ƙasar ta cika shekara ɗari da samun 'yanci, majalisar dokoki ta ba da shawara, Shugaba Ulysses Grant kuma ya yi shela, cewa kowace gunduma da kowane gari su rubuta tarihinsu. 'Yan kasuwar ɗab'i, musamman na birnin Chicago irin su kamfanin Chapman Brothers da na Lewis da na S. J. Clarke, suka ga kasuwa ta buɗe. Yadda suke yi shi ne su tura wakilai gona-gona a jihohi irin su Iowa da Illinois da Indiana. Wakili zai zauna da maigida ya yi masa tambayoyi: inda aka haife shi, shekarar da ya iso gundumar, eka nawa ya mallaka, wa ya aura, 'ya'ya nawa, wace jam'iyya yake zaɓa, wane coci yake zuwa. Wanda ya yi alkawarin sayen littafin, tarihinsa ya shiga. Wanda ya ƙara kuɗi, a sa hoton fuskarsa, ko zanen gidansa da rumbunansa da dawakinsa. Wanda ya ce ba shi da hali, wakili ya yi masa sallama ya nufi gona ta gaba.

Akwai wata dabara a tsarin littattafan Chapman da ta cancanci a tsaya a kanta. Kafin a iso ga manoman gunduma, ana fara jero tarihin shugabannin Amurka tun daga George Washington, sannan gwamnonin jihar, kowa da hotonsa. Bayansu sai mai eka ɗari da sittin ya biyo, a cikin bango ɗaya, da irin haruffa ɗaya, da irin jimloli ɗaya. Abin da manomin ya saya ke nan a zahiri, wato maƙwabtaka da Washington. Shi ya sa idan mutum ya karanta guda goma a jere sai ya ga kamar tarihin mutum ɗaya yake maimaitawa. Kusan kowa ya fara da hannu biyu babu komai, kowa ya tara abin da ya tara da gumin goshinsa, kowa mutumin kirki ne da maƙwabta ke girmamawa. Da wuya ka ci karo da wanda bashi ya karya, ko wanda giya ta cinye gonarsa, ko wanda ya kwashe iyalinsa ya koma gabas da kunya. Ɗan ƙwadagon da ke kwana a ɗakin bayan gida ba ya ciki, mai hayar gona ma da wuya. Matar gida tana ciki, amma galibi ta ƙofar mijinta take shiga, a matsayin 'yar wane da ta auri wane ta haifi su wane.

Babban tsallaken yana cikin kalma ɗaya da waɗannan littattafai ke ƙauna, wato "na farko". Wanda ya fara kafa bukka, jaririn da aka fara haifa, auren farko, injin niƙa na farko, kabari na farko. To, a ɗauki gabashin Iowa. Bayan yaƙin Black Hawk na 1832 aka tilasta wa al'ummomin Sauk da Meskwaki su sallama ƙasa kimanin eka miliyan shida a gefen kogin Mississippi, aka kuma buɗe ta ga baƙi a ranar 1 ga Yuni, 1833. Galibin waɗanda littafin gunduma ya kira na farko a wannan yanki, sun iso ne bayan an share musu fili da bindiga da yarjejeniya. Mutanen da suka haihu a wurin, suka yi aure, suka noma masara, suka binne iyayensu tun kafin a san da sunan Iowa a taswira, ana ba su babi guda a farkon littafi, kusa da bayanin duwatsu da namun daji, a matsayin jama'a marasa sunaye ɗaiɗai. Sashen tarihin mutane kuwa, inda ake samun suna da ranar haihuwa da fuska, na masu biya ne. Jean O'Brien, masaniyar tarihi 'yar ƙabilar Ojibwe, ta bi irin wannan ɗabi'a a littattafan garuruwan arewa maso gabashin Amurka cikin littafinta na 2010, ta nuna yadda marubuta ke naɗa wa Bature rawanin farko, su naɗa wa ɗan asalin ƙasa na ƙarshe, alhali danginsa suna nan da rai a gefen gari.

Wani abu da ya faru a gundumar Tama ta Iowa ya isa misali. A 1857 wasu Meskwaki da suka ƙi zama a Kansas, inda aka kora su, suka tara kuɗi suka sayi eka tamanin, gwamnan jihar ya riƙe musu takardar a matsayin amana. Jikokinsu suna wurin har yau, filin ya kuma ƙaru ƙwarai. Dubi abin da suka yi: sun zo ba su da komai, sun sayi ƙasa da kuɗinsu, sun zauna, sun yalwata. Wannan shi ne ainihin labarin da littattafan gunduma ke sayarwa shafi bayan shafi. Amma zubin ba a ɗinka shi da awonsu ba, wakilin kamfani kuma ba irin ƙofarsu ya fito nema ba.

Ba zan yi wa littattafan nan rashin adalci ba. Sun yi wani abu da manyan kundaye irin na Appleton ba su yi ba, domin sun yarda cewa manomi da maƙeri da mai kanti suna da tarihin da ya isa a buga. Dubban sunayen mata kafin aure, da ƙauyukan Jamus da Ireland da Norway da iyalai suka baro, a nan kaɗai suka tsira, shi ya sa masu neman asalin danginsu ke tururuwa gare su har yau. Kuma akwai wani abin tausayi a cikinsu. Mutumin da ya shekara arba'in yana fama da sanyi da fari, ya fitar da kuɗin da zai iya sayen maraƙi da shi don kada sunansa ya ɓace, ba abin dariya ba ne. Laifin ba a son a tuna da mutum yake ba. Yana wajen bangon littafin, inda aka rubuta tarihin gunduma a kan abin da ya kamata a kira kundin masu biya.

Wani zai ce to, wannan ai kasuwanci ne, a duba wanda hukuma ta yi. Majalisar dokokin Amurka tana da kundin tarihin 'ya'yanta, wanda asalinsa ke komawa ga aikin Charles Lanman na 1859, ana kuma sabunta shi har yanzu. Babu mai biya don ya shiga, babu kuma kalmar yabo ko ɗaya. Kowane tarihi kusan jimla ɗaya ce doguwa da aka yanyanka da waƙafi mai ruwa: an haife shi a wuri kaza, ya yi karatu a wuri kaza, ya zama lauya ko ya shiga harkar noma, an zaɓe shi a majalisa ta kaza, ya rasu, an binne shi a maƙabarta kaza. Ga alama babu abin da ya fi wannan tsabta. Sai dai waƙafi mai ruwa yana daidaita komai, ba ya ɗaga wani abu sama da wani, ba ya kuma tambayar abin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa. A Janairun 2022 jaridar Washington Post ta wallafa binciken da ta yi cikin takardun ƙidayar jama'a da wasu bayanai, ta gano cewa fiye da 'yan majalisa 1,700 sun mallaki bayi a wani lokaci na rayuwarsu. An yi wannan bincike ne domin kundin majalisa bai tanadi gurbin wannan tambaya ba. Ya tanadi gurbin maƙabarta. Mutumin da ɗaruruwan bayi suka noma masa auduga yana iya fitowa a matsayin mai harkar noma, kalmar ba ƙarya ba ce, kamar yadda waƙafina na ranar taro bai kasance ƙarya ba.

A nan ne ake kawo uzurin da ya fi kowane ƙarfi: ai taƙaitawa ce, ba za a iya faɗin komai a layi goma ba. Uzurin yana da kamar gaskiya, amma duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san wata al'adar rubutu da ta rushe shi. Malaman hadisi sun rubuta gajerun tarihan dubban mutane, wasu ma ba su wuce layi ɗaya ko biyu ba. A Taƙribut Tahzib na Ibn Hajar, wanda ya rasu a 1449, ana kawo sunan mai ruwaya da nasabarsa da zamaninsa da shekarar rasuwarsa, sannan a yanke masa hukunci: amintacce ne, ko mai gaskiya ne amma yana kuskure, ko mai rauni ne, ko wanda aka bar ruwayarsa ne. Layin ya fi na kundin majalisa gajarta, amma yana ɗauke da abin da mai karatu ya zo nema, ko da ba zai yi wa mai sunan daɗi ba. Bambancin shi ne Ibn Hajar ya san wanda yake yi wa aiki. Mai karatu yake karewa daga ruɗuwa, ya kuma sa sunansa a kan hukuncin, ta yadda wani malami zai iya zuwa ya ce ya yi kuskure a kan wane. Wakilin Chapman mai sunan yake yi wa aiki. Kundin majalisa kuwa majalisar yake yi wa.

Kada a ɗauka ina cewa maganin yabo shi ne zagi. Giorgio Vasari, wanda littafinsa na 1550 a kan masu zane da sassaƙa na Italiya ya zama uban irin wannan rubutu a Turai, bai ji tsoron aibata mutum ba. Shi ya rubuta cewa Andrea del Castagno ya kashe abokin sana'arsa Domenico Veneziano saboda hassada. Labarin ya yi daɗin faɗa, aka yi ta kwafarsa har ƙarni na sha tara, lokacin da masu tonon tsofaffin takardun Florence suka gano cewa wanda ake ce wa mai kisan ya mutu a 1457, wanda aka ce an kashe kuwa ya rayu har 1461. Zambo ma kayan maroƙi ne.

Tarihin masu ƙirƙira ya haɗa cututtukan nan duka a wuri ɗaya, domin zubinsa yana buƙatar suna ɗaya a gefen abu ɗaya. Ƙwan lantarki, Thomas Edison. Ba a ƙi ba, mutumin yana da takardun mallakar fasaha 1,093 a Amurka, kuma ba a banza ya same su ba. Amma ɗakin gwaje-gwajensa na Menlo Park cike yake da ma'aikata, irin su Charles Batchelor da John Kruesi da Francis Upton, waɗanda hannayensu da lissafinsu ke cikin ƙwan. A Ingila Joseph Swan ya yi nisa da nasa ƙwan a daidai wannan lokaci, har ta kai su biyun sun haɗa kamfani a can a 1883. Taƙaitaccen tarihi ba ya son taron mutane, sai ya miƙa alƙalanci ga ofishin rijistar fasaha: wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai ƙirƙira. Wannan ya sa tambayar wanda doka ta yarda ya sa sunansa a takardar ta zama tambayar wanda zai shiga tarihi.

A 1857 wani lauya mai gonar auduga a jihar Mississippi, Oscar Stuart, ya rubuta wa gwamnati a Washington yana neman takardar mallakar wata sabuwar garma mai baki biyu ta sharar kunyar auduga. Bai ɓoye ba, ya ce wanda ya ƙirƙiro ta bawansa ne, maƙeri, mai suna Ned. Hujjarsa ita ce tunda shi ya mallaki Ned, ya mallaki abin da ƙwaƙwalwar Ned ta haifa. Ofishin ya ƙi. A watan Yunin 1858 babban lauyan gwamnati, Jeremiah Black, ya ba da fatawar cewa abin da bawa ya ƙirƙira ba a ba kowa takardarsa: Stuart ba shi ya ƙirƙira ba, Ned kuma ba ɗan ƙasa ba ne a idon doka, ba zai iya yin rantsuwar da ake buƙata ba. Stuart ya ci gaba da ƙera garmar yana sayarwa da sunan gidansa.

Jeremiah Black yana da tarihinsa a kundaye, da shekarar haihuwarsa da muƙamansa a jere. Na gwada zuba Ned a cikin wannan zubi, irin yadda na zuba baƙonmu na ranar taro. Gurbin sunan mahaifi ya zauna fayau, haka na ranar haihuwa, da na makaranta, da na muƙami, da na lambar takardar fasaha, da na maƙabarta. Abin da ya cika gurbi biyu ne kawai: sana'a, maƙeri, jiha, Mississippi. Su ma daga wasiƙar mutumin da ya zo karɓe masa garmar aka same su.